Baristan Gindin Dalbejiya Ya Je Duba Jami'a

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da za a ciro ƙwaƙwalwata a wanke da sabulu a shanya a igiya. Har yau in na tuna ta ina cikin cin tuwo, sai na ajiye lomar na ɗan kalli bango tukuna.

Bari in fara gabatar da kaina, don ku san girman mutumin da ya faɗi. Sakandare kaɗai na gama, ita ma da ƙyar da addu'ar Inna. Amma ina da tebur, da benci, da tsohuwar tafireta a gindin wata dalbejiya kusa da kotu a Gusau. Takardar rantsuwa, canjin suna, shekarun haihuwa, cinikin gona ko fili, duk ni ne. Mai shayin wurin ne ya fara ce min Barista don tsokana. Ranar farko na ce ya bari. Rana ta biyu na yi murmushi. Rana ta uku wani ya kira ni da sunana na yanka, ban waiwaya ba.

A Gusau kowa ya san wasa ne. Amma a Rawayya, garin su Inna, can ƙasar Bungudu, maganar ta zauna daram. In na je suna ko ɗaurin aure, tabarmar gaba ake shimfiɗa min. In an yanka rago, cinya tawa ce. Tsofaffi kan jawo ni gefe su tambaye ni hukuncin akuyar da ta ci dawar maƙwabci, ni kuma in lumshe ido in ce, "Wannan sashe ne mai sarƙaƙiya." (Ban san sashen ba. Ban ma san littafin da sashen yake ciki ba.)

To, ana cikin wannan daɗi sai Rabi ta gama sakandare. Rabi ɗiyar Kawu Alhaji ce, yayan Inna, wato taubashiyata, kuma tun tana rarrafe take neman ganin bayana. Yarinyar nan ta tashi ta ce ita lauya za ta karanta, a wata jami'a mai zaman kanta da ke kan hanyar Tsafe. Kawu manomi ne na gaske, mai gonaki da rumbuna, amma bai yarda da abin da idonsa bai gani ba. Ya ce za a je a duba makarantar ranar da suke buɗe wa iyaye ƙofa, kuma ya yanke hukunci a gaban kowa:

"Mu tahi da Barista. In yac ce wurin na da kyau, ki shiga. In yac ce a'a, magana ta ƙare."

Kun ji fa. Karatun yarinya gaba ɗaya an ɗora shi a kan harshena. Rabi ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa, ba tsokana ko ɗaya: "Yaya, don girman Allah ka taimake ni." Yaya! Yarinyar da ba ta taɓa kirana da abin da ya wuce "kai mai kan kwakwa" ba.

Na ce mata kada ta damu. Na kashe waya na zauna na yi lissafina na mugunta. In aka samu lauya ta gaske a dangi, mai digiri da hular gashin nan ta shiga kotu, ni kuma wa zai sake kallona? Cinyar rago ta tafi. Tabarmar gaba ta tafi. Don haka na ƙudura a raina cewa ko da zinariya aka gina makarantar nan, sai na samo mata aibi.

Ranar Asabar suka biyo ta unguwarmu, Tudun Wada, suka ɗauke ni a motar Kawu ta ɗaukar kaya, mai warin takin zamani. Na fito cikin baƙar kwat da na aro wurin wani maƙwabcina malamin makaranta, da taye, a tsakiyar zafin bazara. Hannun kwat ɗin ya rufe min yatsu. Rabi ta dube ni daga kujerar baya, na ga dariya ta taso mata har wuya, ta haɗiye abarta saboda tana da buƙata.

Gaskiya tsakani da Allah, makarantar ta haɗu. Amma ban je don in faɗi gaskiya ba.

Wata mata ce ta tarbi ayarinmu na iyaye, doguwa mai tabarau, ana ce mata Dakta, ita ce mataimakiyar shugaban tsangayar shari'a. Kawu bai bari ta gama sallama ba ya tura ni gaba.

"Hajiya, wanga ɗan ƙanwata na. Shi ma Barista na, a Gusau."

"Ma sha Allah," in ji Dakta. "Ashe da abokin aiki a cikinmu. Yaushe aka rantsar da kai?"

"An kwana biyu, ranki ya daɗe," na ce, na juya ina yaba wata fulawa da ke bakin ƙofa kamar ni na shuka ta.

Aka fara zagaye. Dakta ta yi bayani dalla-dalla: karatun shekara biyar ne, bayan nan a tafi makarantar horar da lauyoyi a ƙara shekara guda kafin a kira mutum lauya. Ɗalibi zai iya haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci, ya san gado da aure da ciniki ta ɓangarorin biyu. Na matsa kusa da kunnen Kawu.

"Shekara shida, Kawu. Maraƙin da aka haifa yau, kafin ta gama ya zama sa, ya yi huɗa, ya gaji, an kai shi kasuwa."

Kawu ya ce, "Hmm."

Ɗalibai suka wuce mu, kowa da farar riga da baƙin siket ko wando, 'yan mata da farin hijabi. Dakta ta ce kayan tsangayar ke nan, tun daga ajin farko ake saba musu da shigar kotu.

"Ka gani ko, Kawu? Shekara biyar ba atamfa, ba leshi. Kamar masu raba abinci a otal."

"Hmm," in ji Kawu, wannan karon da ɗan tsawo.

Muka shiga laburare. Jama'a, littafi! Jere-jere har rufi, kowanne kaurinsa ya kai bulo, ga kwamfutoci a gefe, ga sanyin na'ura da ya sa zufar cikin kwat ɗina ta koma ƙanƙara. Ni da duk abin da na mallaka na doka bai wuce wata ƙasida mai shafi goma sha biyu da ɓera ya ci bangonta ba. Amma na daure na taɓe baki.

"Duk ado ne, Kawu. Wa zai karanta wannan? Ido kawai za ta kashe, ka koma sayen tabarau."

Daga nan sai kotun gwaji. Ɗaki ne da aka shirya shi sak kotu, da kujerar alƙali a sama, da akwatin mai ba da shaida, da teburan lauyoyi. Dakta ta ce a nan ɗalibai ke ƙirƙiro shari'a su yi ta gardama don bakinsu ya faɗa.

"Wasan 'yar tsana ke nan na manya," na raɗa. "Ka biya kuɗin makaranta mai tayar da hawan jini don ta zo ta yi wasan kwaikwayo."

A nan Kawu ya cire hula ya sosa kai, wanda duk Rawayya an san alamar a'a ce ke tahowa. Na saci kallon Rabi. Idonta ya kawo ruwa, tana ta murza bakin mayafinta. Zuciyata ta ɗan motsa, ba zan yi ƙarya ba. Sai na tuna cinyar rago, ta koma ta kwanta.

Saura ɗaki ɗaya. Dakta ta ce shi ne abin alfaharinsu: ofishin taimakon shari'a kyauta. Talakawa kan kawo matsalarsu, ɗaliban manyan azuzuwa su duba ƙarƙashin kulawar malamai. Muka tarar da ɗalibai kamar ashirin zaune da littattafan rubutu, aka ba mu kujeru a baya. Daidai nan wayar Kawu ta yi ƙara, direban da zai kai masa taki ne ya ɓata hanya. Kawu ya fita yana faɗa da waya.

Dakta ta ɗauko wata takarda ta ce, "Bari iyaye su ga yadda muke koyarwa. Wannan takardar cinikin gona ce ta gaske. Wani dattijo daga wajen Tsafe ya kawo mana ita, kuma da izininsa muke karatu da ita, mun rufe sunaye. Ku saurara."

Ta gyara tabarau ta karanta: "Ni wane na sayar wa wane gonata, girmanta noman shanu na kwana biyu. Daga gabas ta yi iyaka da tsamiya. Daga yamma, inda Fulani ke sauka da rani. Daga kudu, rafi. Daga arewa, gonar marigayi. An yi ciniki a gaban jama'a da dama. Duk wanda ya tayar da maganar nan, shi da Allah."

Ɗalibai suka fara ƙunshe dariya. Dakta ta ce tsamiyar an sare ta an yi gawayi. Rafin ya sauya hanya bayan wata ambaliya. Fulanin sun daina sauka a wurin. Marigayi kuwa, gonaki uku ne a arewa, kuma masu su ukun duk sun rasu. Ba kwanan wata, ba sunan shaida ko ɗaya. Yanzu 'ya'yan wanda ya sayar sun ce rabin gonar nasu ne, dattijo kuma ba shi da abin nunawa sai wannan.

Ni fa tun tana karantawa na ji salon kamar na san shi. Nan take na gano mai laifin: Sani Tafireta! Wani ɗan rainin hankali da ke gindin bishiyar da ke kallon tawa, mai sace min kwastomomi da rangwame. Na ce a raina, yau Allah ya kama ka.

Sai Dakta ta ce, "Tunda muna da Barista a cikinmu, ko zai taimaka wa ɗalibai da abin da ya gani a takardar nan?"

Mai hankali zai ce makogwaronsa na ciwo. Ni kuwa na miƙe. Ban tsaya a inda nake ba ma, na taka har gaban aji, na naɗe hannun kwat, na sa hannu ɗaya a baya kamar yadda na ga manyan lauyoyi na yi.

"Ranki ya daɗe, 'yan'uwana ɗalibai," na fara. "Wannan takarda ba da hannu aka rubuta ta ba. Da ƙafa aka rubuta ta. Ƙafar ma ta hagu."

Aji ya fashe da dariya. Wayyo, daɗin da na ji! Ai sai na ƙara mai.

"Noman shanu na kwana biyu! Waɗanne shanu? Ƙosassu ko masu zawo? Sannan wai tsamiya. Tsamiya ɗaya ce a ƙasar Tsafe? Ya kafa iyaka da abin da gatari ke kayarwa, da ruwan da ke tafiya, da mutanen da sana'arsu ita ce tashi! Saura kaɗan ya ce daga sama ta yi iyaka da gajimare."

Har da masu tafi. Wata ɗaliba tana rubuta abin da nake faɗa. Ni! Ana rubuta maganata a jami'a!

"Jama'a da dama! Su wa? Ba su da suna? Aljanu ne? Irin waɗannan mutane, ranki ya daɗe, su ke ɓata mana aiki. Sun samu tebur da inuwa sun zauna suna kashe talakawa da rai. Ni da za a bi tawa, a ƙwace masa kayan aiki a ba shi tallan rake. Kuma ku rubuta wannan ku ajiye: duk wanda ya bari mutumin nan ya rubuta masa takardar gona, to ya je ya yi sallama da gonar tun da sauran haske."

Na koma gefe ina goge zufa, ina jin kaina kamar in tashi sama. Dakta ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla. Bari ku ga asalinta." Ta danna wani abu, hoton takardar ya fito a jikin farin bango, ƙato kamar ƙofar gareji.

Abin da na fara gani shi ne harafin a. A duk Gusau tafireta ɗaya ce harafinta na a ke tsalle sama da layi kamar an taka masa wutsiya, kuma ba ta Sani ba ce. Na sauke ido ƙasa a hankali, ina addu'ar da ban taɓa yi da irin wannan ikhlasi ba. Ga shi nan. Hatimi mai shuɗin tawada, da hoton sikeli a karkace, da rubutu a kewaye: Ofishin Rubuta Ka Huta. Ni na zana shi da hannuna na kai aka sassaƙa min. An rufe sunan mai saye da mai sayarwa, amma ba wanda ya ga dalilin rufe wannan.

Na ce a raina, ba komai, ba wanda ya sani sai Rabi, ita kuma tana da buƙata. In na yi shiru na zauna, an wuce wurin.

Sai ƙofa ta buɗe. Kawu ya shigo yana sa waya a aljihu, ya ɗaga kai ya ga bango, ya tsaya cak. Fuskarsa ta washe kamar an ce masa an yi ruwan shuka.

"Allahu Akbar! Hajiya, har nan aikin yaron ga ya iso? Wanga hatimi ai namu na! Barista, ga hatiminka a bango! Ku dube shi da kyau, yara, shi yar rubuta. Duk takardun gonakina shi yay yi mini su, ko ɗaya ban kai ma wani ba!"

Ɗalibar da ke rubuta maganata ta ajiye biro a hankali. Wani daga baya ya yi tari, irin tarin da dariya ce ta bi ta hanyar da ba tata ba. Dakta ta cire tabarau tana gogewa, ta daɗe tana gogewa, gilashin da ba abin da ya same shi.

Kawu ya duba hagu ya duba dama. "Mi ya faru? Mi yac ce da ba ni nan?"

Sai Rabi ta miƙe, ta gyara mayafi, ta rusuna kamar mutuniyar kirki.

"Baba, Yaya Barista ne ya yi mana bayani mai kyau ƙwarai. Ya ce wanda ya rubuta takardar nan da ƙafar hagu ya rubuta. Ya ce a ba shi tallan rake. Kuma ya ce duk wanda mutumin ya rubuta wa takardar gona, ya je ya yi sallama da gonar." Ta juyo ta kalle ni. "Tun da sauran haske, ko Yaya? Kada in rage maka magana."

(Ko kalma ɗaya ba ta ɓace mata ba. A nan na san yarinyar nan lauya ce tun daga ciki.)

Kawu ya nemi a sake karanta masa takardar, da abin da ya sami dattijon. Dakta ta karanta. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Kawu ya juyo gare ni a hankali.

"Barista. Gonata ta fadama, mi ka sa mata iyaka daga yamma?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Inda Malam Audu ke ɗaure jakinsa, Kawu."

"Jakin da ya mutu bara waccan?"

"Allah ya ba Malam Audu wani, Kawu."

Nan aji ya kasa riƙewa. Har iyayen da muka zo tare, wata hajiya sai da ta dafa bango. Ni kuwa ina tsaye a gaba cikin kwat ɗin mutane, hoton hatimina na haska min rabin fuska.

Dakta ta ɗaga hannu aka yi shiru. Na zaci za ta kira masu gadi. Abin da ta yi ya fi haka ciwo. Cewa ta yi, "A yi masa adalci. Duk abin da ya faɗa a kan takardar nan daidai ne, ban taɓa jin an feɗe ta haka ba. Da ɗalibina ne da na ba shi maki mai kyau." Sannan ta ce suna koyar da masu rubuta wa jama'a takardu kyauta duk ƙarshen wata, kuma dattijon yana buƙatar wanda zai shaida cewa an yi cinikin. Ta tambaya ko Barista zai samu lokaci. Yadda ta furta Baristan nan, da ma mari ta yi min.

Kawu bai ƙara kallona ba. Ya ce, "Hajiya, ina aka cika takardar shiga? A ba ta yanzu. In da hali ta fara gobe."

A hanyar dawowa Rabi ce a kujerar gaba. Da za su sauke ni, ta leƙo ta taga ta ce, "Na gode fa, mai kan kwakwa. Ka ce za ka taimake ni, kuma wallahi ka taimaka."

Yanzu tana aji uku. Takardun Kawu duk an sake su, da mai awo da shaidu masu suna da kwanan wata. Na je na tsaya wa dattijon nan shaida, na kuma zauna a ajin ƙarshen wata tare da Sani Tafireta, wanda ya ji labarin tun kafin in cire kwat, kuma har yau in na wuce sai ya ɗaga min ƙafarsa ta hagu.

Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. In aka miƙo maka aikin wani a bainar jama'a aka ce ka faɗi ra'ayinka, fara tambayar wa ya yi. In aka ce ba a sani ba, ka ce, "Allah sarki, bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa," ka koma ka zauna. Ni yanzu ko a bayan tirela na ga rubutu da kuskure ba na dariya, sai na tsaya na tuna ko na taɓa yi wa direban aiki.